Karen da Aka Ce An Binne

A farkon shekarun dubu biyu muna zaune a Jos Jarawa, a wani gidan haya mai sassa uku da tsakar gida ɗaya. Maigidana direba ne a wata ma'aikatar gwamnati da ke Kuru, ni kuma ina ɗinki a gida. Kekena yana bakin tagar falo, inda haske ya fi shiga. 'Yarmu ɗaya tal, tana makarantar kwana, don haka yawancin yini daga ni sai ƙarar keke da rediyo.

Wata Asabar da yamma na ji tsayuwar motar ofis a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga maigida yana janye da wani ƙaton kare. Ba irin karnukan unguwarmu ba ne, 'yan sirara masu yawon bola. Wannan bayansa baƙi ne, ƙafafunsa ruwan ƙasa, kunnuwa a miƙe, ga gashi cunkus a wuya da ƙirji kamar an yafa masa bargo. An yi wa ogansu canjin aiki zuwa Abuja, ya ce zafin can ba zai yi wa karen daɗi ba, shi ne ya bar wa direbansa.

"Wa zai kula da shi?" na tambaya, ina tsaye da almakashi a hannu.

"Ni mana, Madam. Ke dai ki ji da ɗinkinki. Kyautar oga ce, ba a mayarwa."

Ya kula da shi kuwa, na ɗan lokaci. Ya haɗa masa ɗan ɗaki da ragowar kwano da katako a gefen katanga, yana yi masa wanka ranar Asabar yana fito. Daga nan tafiye-tafiye suka yi masa yawa, yau Kaduna gobe Makurɗi, kare ya zama nawa ba tare da kowa ya nemi shawarata ba.

Ban taɓa sanin akwai dabbar da take zubar da gashi haka ba. Da sanyi ya wuce, zafi ya fara shigowa, idan ya tashi daga kwance ya girgiza jiki sai ka ce ana shiƙar acca. Gashin ba ya tsayawa a tsakar gida. Yana bin iska ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya dunƙule a ƙasan kujeru, ya maƙale a labule. Na tsince shi a kofin shayi, na tsince shi a tukunyar gwate da murfinta a rufe. Har cikin keken ɗinki yake shiga, inda zaren ƙasa yake zama. Sai in ji ɗinki yana tsalle, in buɗe, in tarar ya nannaɗe a ciki. Tsintsiya ba ta iya masa, tana tayar da shi ne kawai ya sauka a wani wuri. Sai da na koyi jiƙa tsumma in bi daɓe a durƙushe. Ranar Lahadi a coci, matar da ke zama bayana takan miƙo hannu ta cire mini ɗaya daga kafaɗa ba ta ce komai ba, kuma shirun nata ya fi magana ciwo.

Akwai wata matar babban ma'aikaci da na daɗe ina yi wa ɗinki. Surukinta ya rasu, ta kawo baƙin karan-miski in yi mata riga da siket na ranar jana'iza. Na gama, na goge, na ninke. Da ta zo karɓa ta warware shi a bakin taga ta ɗaga sama. Ni kaina sai a lokacin na gani: tun daga wuya har ƙasa, gashi ne ruwan ƙasa a kwance.

"Madam, wannan kuma ado ne kika ƙara mini?"

Na ba ta haƙuri, na zauna ina tsincewa ɗaya bayan ɗaya tana tsaye tana duba agogo. Ta karɓi kayanta ta tafi, ba ta sake dawowa ba, ƙawayenta da ta kawo mini su ma suka ɗauke ƙafa. Ranar da maigida ya dawo na tare shi tun bai cire takalmi ba. Na ce ya fitar mini da karen nan daga gida, duk inda zai kai shi ya kai shi. Ya yi dariya ya ce zan saba. Sau ɗaya na faɗi wannan maganar, a shekarar farko, cikin fushi.

Kuma na saba ɗin. Dabarar da na yi ita ce in riga gashin zubowa. Kowace safiya kafin in taɓa yadin kowa, sai in ɗaura tsohon zane, in ɗauki wani tsohon mataji mai manyan haƙora, in zauna a kan dutsen wanki a bayan gida. Da farko sai na ja shi. Daga baya, da ya ji na ɗauki matajin, shi yake riga ni zuwa. Ya ɗora haɓarsa a gwiwata ya lumshe ido, in yi ta tajewa daga wuya zuwa wutsiya, ina cusa abin da ya fito a leda. Wata rana leda takan cika. Tsuntsaye suka gano mu, suna jira a kan katanga su kwashe wanda ya tsere. Na sa labule mai kauri a ƙofar falo, na sayo manyan ledoji ina rufe kayan mutane, na kuma koya masa cewa iyakarsa dokin ƙofa. Ya riƙe wannan. Yakan kwanta ƙafafunsa na gaba daidai kan dokin ƙofar, hancinsa kaɗai a cikin falo, yana kallon ƙafata tana taka keke.

Lokacin da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, maigida yana Kuru, hanya ba ta biyuwa. Muna ganin hayaƙi daga nesa, kowa ya kulle ƙofarsa da rana tsaka. A kwanakin nan karen bai bar bakin ƙofata ba. Ko abinci sai na kawo masa nan. Ba zan ce ya kare ni daga wani abu ba, don babu wanda ya zo. Amma ina jin numfashinsa ta bayan labule, kuma hakan ya sa ban haukace ba.

A sashen da ke kallon namu akwai wata mata da ta girme ni, ina ce mata Yaya. Dankalin Turawa da kabeji take sarowa daga ƙauyuka tana sayarwa. Doguwa ce, mai wushirya, mai saurin dariya. Cocinmu ɗaya, kuma kusan tukunyarmu ɗaya: in na yi miya sai na zuba mata, in ta soya masa sai ta aiko mini da zafinta. Duk abin da ban gaya wa mahaifiyata ba ita ta sani. Karen ma ya san ta, don ita take ajiye masa ƙasusuwa. Takan tsokane ni ta ce na samu ɗa na biyu mai gashi.

Shi kuwa maigida, abin ya fara damunsa ta wani gefen. An kawo musu sabon oga, matarsa kuma ba ta son ganin ko ƙura a kujerar mota. Na sha ganinsa da safe yana jiƙa tafin hannu yana shafe wandonsa yana gunaguni. Na ɗauki abin da muhimmanci: kayan aikinsa in na goge sai in sa su a leda in rataye a ɗakin 'yarmu, wanda kullum yake rufe. Na zaci hakan ya wadatar, don bai sake tayar da maganar ba.

Da damina ta yi tsaka aka aiko mahaifiyata ba lafiya a ƙauye. Na tafi jinya na yi 'yan makonni. Wayar hannu ta shigo a lokacin, amma a ƙauyenmu sai ka hau dutse kake samun magana. Duk lokacin da na hau na kira maigida, bayan gaisuwa sai in tambayi kare, ya ce yana nan lafiya.

Ranar da na dawo, ɗan acaba ya sauke ni a ƙofar gida, ban ji kare ya yi haushi ba, ban ji ƙarar farce a jikin ƙyaure ba. Na shiga na tarar da maigida zaune a tsakar gida, abin da ba ya yi da rana. Kafin in ajiye jaka Yaya ta fito daga sashenta ta kama hannuna biyu.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Ki zauna tukuna."

Maigida ne ya faɗa, idonsa a ƙasa. Wai karen ya ci wani abu, mai yiwuwa maganin ɓera, ya yi ta amai, kafin a nemo likitan dabbobi ya mutu. Bai gaya mini a waya ba don kada ya ƙara mini damuwa a kan ta jinya. Suka kai ni bayan gida, gindin bishiyar fiya, suka nuna mini tudun jar ƙasa da aka jera wa duwatsu. Yaya ta ce a bakin ƙofata ya cika, kansa a kan dokin ƙofa, kamar yana jirana. Tana faɗa hawaye na zubo mata. Na durƙusa a wurin na yi kuka irin wanda ban yi tsammanin zan yi wa dabba ba, ita tana shafa bayana.

Da 'yarmu ta zo hutu ni na gaya mata. Ta ƙi cin abinci ranar. Washegari ta samo furanni daga gidan wata ƙawarta ta dasa a kan tudun, kullum tana ba su ruwa har ta koma makaranta. Mutumin da ke sashe na uku, wani dattijo malamin firamare, shi ne na san yana sa wa ɓeraye magani a ɗakin ajiyarsa. Ban tuhume shi a fili ba, amma gaisuwata da shi ta koma ta fatar baki. Maigida yana gani, Yaya tana gani, babu wanda ya ce mini kanzil.

Gidan ya yi tsabta, ba zan ɓoye ba. Ɗinki ya daina tsalle. Amma da safe sai in rasa abin yi da hannuwana.

Gab da Kirsimeti, lokacin da ɗinki ya fi yawa, na kai wa wasu mata ankon biki a Bukuru. Na sauka daga bas a bakin kasuwa, na bi wani lungu ta baya da ƙunshin kaya a kai. A lungun akwai wani wurin buga bulo, an kewaye shi da tsohon kwano. Ina wucewa na ji wani irin kuka siriri, sannan ƙarar sarƙa ana fizga. Na ci gaba da tafiya. Kukan ya ƙaru har ya zama kamar ihun mutum. Sai na juya.

A ƙarƙashin wata matacciyar tifa aka ɗaure shi. An aske masa gashi da almakashi, wani wuri har fata, wani wuri tsibi-tsibi, garin siminti ya mayar da shi toka-toka. Haƙarƙarinsa a waje. Da a hanya na gan shi, da ban gane shi ba. Shi ne ya gane ni. Yana tsaye da ƙafafun baya, sarƙa ta shaƙe masa wuya, duk jikinsa yana rawa.

Ban san lokacin da na ajiye kayan mutane a ƙasa ba. Wani mutum mai tumbi ya fito daga rumfa da sauri.

"Madam! Madam, kada ki matsa, yana cizo!"

Na riga na durƙusa. Karen ya tura kansa cikin hammatana yana wani irin nishi. Mutumin ya tsaya baki buɗe.

"Oga, a ina ka samu karen nan?"

Ya ce wani direba ne ya ba shi, abokin ƙaninsa, da damina. "Ya ce matarsa tela ce, gashin ya kore mata masu kawo ɗinki, ta ce ko ita ko kare a gidan. Tare ma suka kawo shi. Ita ta riƙe igiyar a bayan mota don ya fi sabawa da ita. Wata doguwa haka, mai wushirya."

Na dafa tayar tifar.

"Ba ita ce matar ba," na ce. "Ni ce."

Mutumin ya cire hula ya sosa kai. Ba mugu ba ne. Ya ce yaran aikinsa ne suka aske shi saboda kaska ta yi masa yawa, abinci kuma suna ba shi, shi ne ba ya ci sosai. Na ce ya kwance mini shi in tafi da abina. Ya ce in yi haƙuri, daga hannun namiji ya karɓa, ba zai shiga tsakanin mata da miji ba. In zo da maigidan, ko a ranar ne zai bayar. Na sayo wa karen tsire a bakin kasuwa na ba shi da hannuna. Da na juya zan tafi, kukan da ya yi ya bi ni har bakin titi. Ban tuna yadda na kai ankon nan ba.

Yaya na fara tararwa, tana zaune a tsakar gida tana ware ruɓaɓɓen dankali daga mai kyau. Ta ɗago da murmushi.

"Yaya, me ke cikin ramin nan na gindin fiya?"

Murmushin ya tsaya a fuskarta. Ta dubi zanena, duk siminti da gashi. Ta mayar da dankalin da ke hannunta cikin buhu a hankali.

"Babu komai. Ƙasa ce kawai ya tara."

"Ke kika riƙe igiyar."

"Ƙanwata, ki saurare ni. Roƙona ya yi. Ya ce matar oga ta kai ƙararsa, an ja masa kunne, aikinsa na rawa. Ya ce in ya gaya miki ba za ki yarda ba, gidan zai kama da wuta. Ni na duba na ga aurenki ya fi kare."

"Hawayen fa? Da kika ce a bakin ƙofata ya cika?"

"Hawayen na gaske ne. Tausayinki na ji."

Wannan amsar ta fi komai ƙona mini rai, don na san gaskiya ta faɗa. Ta iya jin tausayina tana kuma ƙirƙiro mini yadda ya mutu. Watanni tana kallona ina wucewa ta gindin bishiyar nan ina rage tafiya, tana kallon yarinya tana ɗibar ruwa tana zuba wa tudun banza, sannan da yamma ta aiko mini da masa.

Maigida ya dawo kafin faɗuwar rana. Na bari ya ci abinci. Sannan na ce na je Bukuru yau, na bi ta bayan kasuwa. Ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa.

"Madam, kare ne fa."

"Na sani."

"Kuma ke da bakinki kika ce in fitar da shi."

"Yaushe? Shekara nawa ke nan? Wa yake taje shi kullum tun daga ranar?"

Ya ce ban san abin da yake fuskanta a wurin aiki ba. Gashi ɗaya a kujera, a kira shi gaban yara a wanke shi tas. Na ce me ya hana ya gaya mini. Ya ce, "Da kin yarda?" Na ce a'a, da ban yarda ba, da mun yi faɗa, da wataƙila ma ya fi ƙarfina ya tafi da shi ina kallo. Da na ji haushinsa na huce. Amma ya tara ƙasa ya jera duwatsu. Ya tsaya a kaina ina kuka. Ya je wurin baƙo ya ce ni na kori karen. Ya bar ni ina zargin dattijon da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na ce ranar Asabar za mu je mu ɗauko shi. Ya ce ba zai je ya ji kunya a gaban mutane ba. Na ce to, yarinya na dawowa hutu sati mai zuwa, shi zai zaunar da ita ya gaya mata abin da take ba ruwa. Ranar Asabar da safe na ga ya sa takalmi.

Abin da ya faru a wurin bulon nan har yau bai bar raina ba. Muna shiga, karen ya hango maigida. Ya yi wani tsalle har sai da sarƙa ta dawo da shi ƙasa. Da aka kwance shi bai zo wurina ba. Wurinsa ya nufa, ya dafa masa ƙirji, yana lasar haɓarsa, yana zagaye shi, yana kuka, ya kwanta ya ba shi ciki. Murnar da ya yi masa ta fi wadda ya yi mini. Maigida ya kau da kai yana share fuska da hannun riga. Mai bulo yana dariya yana cewa ka ga ikon Allah. Ni ina tsaye a gefe riƙe da igiyar da na zo da ita, na ga cewa su biyun sun riga sun shirya, ni kaɗai aka bari da abin a ciki.

Muka ɗauki hayar akori-kura muka dawo da shi. Maganar aiki kuwa, maigida ya koma ajiye kayan aikinsa a ɗakin direbobi a Kuru, in ya isa ya canza. Shi ke nan. Ba a sake kiransa ba. Abin da zai iya yi tun farko ke nan.

Gashin karen ya sake fitowa, sai dai zagayen wuyansa inda sarƙa ta ci, nan ya zauna fata har ƙarshen rayuwarsa. Ya ƙara 'yan shekaru tare da mu kafin tsufa ya kai shi. Dattijon malamin na same shi na gaya masa komai na ba shi haƙuri. Ya ce dama ya lura, ya zaci wani laifin ya yi mini. 'Yarmu ta daɗe ba ta yi wa babanta doguwar magana ba, amma yara suna da saurin mantuwa.

Ni da Yaya ba mu yi faɗa ba. Muna gaisawa, in ta yi rashin lafiya ina leƙa ta. Amma ban sake zama a tabarmarta na buɗe mata cikina ba, ita ma ba ta nema ba. Da gari ya sake rikicewa ta koma wurin ɗanta a wata unguwa, muka rabu da "sai an kwana biyu" kamar mutanen da suka haɗu a bas.

Maigida ya yi ritaya, muna tare, kuma ba zan ce mugun miji ba ne. Sai dai tun daga lokacin, in ya kawo mini labari, sai in ji ina son ji daga bakin wani. Bara ya ce bakanike ya ce tsohuwar motarmu ba za ta gyaru ba, gara a rabu da ita. Na ce to. Washegari na yafa gyale na tafi garejin da kaina na tambaya. Gaskiya ya faɗa, motar ta mutu. Da na dawo yana zaune a ƙofar gida, ya ga baƙin mai a gefen takalmina. Ya san inda na je. Ya matsa mini a benci na zauna, ya tambaye ni ko akwai cunkoso a hanya.